Rufin da Muka Kware a Ƙasar Katsina

Har yau ina ganin ranar da ɗan saƙon fada ya iske mu bakin kududdufi muna kwaɓa ƙasa. Ya ce sarki na kiran Yaya Mamman. Wana ne, kuma shi ne Sarkin Magina na Tasawa, wato shugaban duk mai ɗora tubali a garin.

Maganar wani tsohon masallaci ce can kudu, cikin ƙasar Katsina, inda kakanninmu suka yi salla kafin a koro su. Ƙasar ba ta hannunmu, amma limamin wurin ya aiko cewa rufi na shirin faɗuwa, masu mulkin can kuma sun yarda mu shiga. Fada ta ɗauki nauyin aikin: gero, gishiri, da raƙuma ɗauke da azara, itacen giginyar da ake ɗora rufi a kansa.

Mu tara muka tafi, uku mutanen Mayahi ne. Ku masu koyon gini, tsarin aikin kun san shi. A kware tsohon rufi, a gyara kan bango, a jera azara, a zuba ƙasa, duk kafin ruwa.

Ranar da za mu kware, liman ya tsaya yana duban gabas.

"Sarkin Magina, ba ku makara ba kuwa?"

"Allah gafarta Malam, da sauran lokaci," in ji Yaya. "A gida ko iri ba a fiddo ba."

"Gidanku ke nan."

Muka yi dariya. Da daminar arewa muka auna, inda ruwa ke jinkiri. Babu wanda ya tuna kwana shida muka yi muna tafiya kudu.

Kwana goma sha ɗaya da kware rufin, hadari ya taso da la'asar. Kwana biyu ruwa na dukan bango tsirara. Rana ta uku Yaya ya hau zai rufe kan bangon gabas da zana. Na ce ya bari bangon ya sha iska tukuna. Ya ce, "Kai dai miƙo." Ina miƙa masa ta biyu, bangon ya zauna da shi.

Can muka binne shi. Mutanen garin sun yi mana kirki. Ko liman bai tuna mana maganarsa ba.

Da muka dawo na faɗi gaban sarki na ba da labari. Ya ce komawa aikin sai bayan girbi. Bayan girbi hanya ta ɓaci, gero kuma ya yi wuya.

Ku da kuke koyo, in an aike ku wata ƙasa, kafin ku taɓa rufi ku tambayi tsohon wurin yaushe ruwansu ke sauka, kuma ku yarda da amsarsa.

Ba a sake tura mu ba. Fatake sun ce har yanzu masallacin bango uku ne, babu rufi.