Ƙadangare Ya Koma Sama

Ina cikin yanka wuyan rigar abokina, ƙanwarsa ta faɗo shagona ba ko sallama. "Yaya, Ƙadangare ya ƙi tashi daga barci."

Tun muna yara muke kiransa haka, don babu katangar da ta gagare shi. Da ya girma ya zama kafintan rufi. Ƙusoshi a baki, guduma a ƙugu, yana taka katako kamar tsakar ɗakinsa. In damina ta matso, shi ke zagaya gidajen tsofaffin unguwa yana toshe musu yoyo.

Amma masu rufin nan suna da wata banzar ƙa'ida: wanda ya faɗo dole ya koma sama nan take, wai kada tsoro ya shige shi. Ran nan katako ya karye da shi, ƙeyarsa ta bugi bulo. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, suka yi masa tafi, suka riƙe masa tsani. Da ya fara amai, suka ce rana ce. Suka shimfiɗa masa buhun siminti a inuwa. Ya kama wani irin minshari, ƙattin nan suna sama suna kwaikwayonsa suna dariya!

Da muka kai shi asibiti, likita ta ce jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan yakan bar mutum ya yi ta magana kafin ya kayar da shi. Da an kawo shi da wuri, in ji ta, da akwai abin yi. Doguwar suma ta riƙe shi makonni, inji na yi masa numfashi, matarsa na goge masa leɓe da jiƙaƙƙiyar auduga, har Allah ya karɓi abinsa. Ogansu ya zo gaisuwa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Hannunsa dai ban karɓa ba.

Ai ya kira ni a waya bayan faɗuwar, daga saman rufin, muryarsa garau.

"Tela, yau na gwada kaina da bulo. Sara yake kamar ana buga ƙusa."

"Sauko mu je asibiti."

"In sauko su ce na tsorata? Saura kwano kaɗan."

"Wallahi kai jaki ne."

"Naka ne dai. Ka gama min rigata."