Shingen Ƙaya a Cikin Hoto

Akwai wata Alhamis a unguwarmu ta Shumaisi da ko na tsufa ba za ta bar raina ba. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma komai ya dagule, kuma ni na jawo.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Bafalasɗiniya, muna ce mata Sitti, wato kaka. Ni ba gwanar magana ba ce, shi ya sa muka shaƙu: ita ta yi ta zuba, ni ina taya ta tsinkar lalo. Kullum hirar ƙauyensu ce, wanda aka tashe su daga cikinsa tana ƙaramar yarinya, ba ta kuma sake ganinsa ba. Na san rijiyarsu da ɓauren ƙofar masallaci kamar a can aka yanke cibiyata.

Da na shiga jami'a sai na duƙufa bincike, har na samo hoton wurin yadda yake a yau. A wautata tsaraba na kawo mata. Na miƙa mata waya ina murmushi. Babu gida ko ɗaya a ciki, sai ciyawa da duwatsu da wani shingen ƙaya.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Je ki gida, ya binti, 'yata, na gaji."

Aka kwana biyu ba ta neme ni ba. Ummata ta ce, "Karatu dai ya hana ki sanin abin da ake nuna wa tsoho." Abinci ya gagare ni. Gani nake na rushe mata garinta karo na biyu.

Rannan sai ga ta da sandarta a ƙofarmu.

"Ina malamar littattafan? Kawo hoton nan, ki ƙara masa girma, idona ba na 'yan mata ba ne."

Ta ɗora yatsa kan shingen. "Wannan babana ya dasa saboda awakin maƙwabcinmu, marowacin nan. To, ƙofarmu tana nan. Rijiya ga ta can." Haka ta yi ta mayar da gidaje mazauninsu, har da dariya.

Na daure na roƙe ta gafara.

Ta ja kunnena. "Gafarar me? Da na ga hoton, hanyar gidanmu ce ta ɓace mini, kwana biyu na yi ina nemanta a raina. Riƙe wannan: rusau ba ya kashe gari, sai ranar da aka rasa mai nuna ƙofofinsa. Yanzu mu biyu ne. Nuna mini, ina rijiya?"