Mutumin da Ya Bi Sallar Gawarsa

Ban taɓa mantawa da ranar da mutumin da na fassara takardar mutuwarsa ya turo ƙofar ofishinmu ya yi sallama ba. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka shigo aikin tafinta kwanan nan.

Kafin in zo Riyad na yi shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo a gida, kuma sau da yawa ni ake miƙa wa sanarwar rasuwa. Can na koyi karanta sunan mamaci ba tare da murya ta yi rawa ba. A nan ina aiki a wani ƙaramin ofishin fassara mai lasisi kusa da unguwar Al-Nasiriya, mallakar wani Basudane, Ustaz Usman. Takardun hukuma da Larabci suke fitowa, wasu da Turanci a gefe, alhali yawancin mutanenmu leburori da direbobi Larabcinsu na kasuwa ne, Turancin kuwa bai kai ya kawo ba. Mukan fassara musu takarda mu buga hatimi, wani lokaci kuma mu raka su ofisoshin gwamnati mu yi musu tafinta.

Ga wanda bai san tsarin ba: idan baƙo ya rasu a ƙasar nan, ba a binne shi sai takardu sun cika. Akwai rahoton asibiti, da sa hannun kafil, wato wanda ya ɗauko shi aiki, da amincewar danginsa daga gida, da takardar ofishin jakadancin ƙasarsa. Mai cikakkun takardu yakan samu sutura cikin 'yan kwanaki. Wanda ba a tabbatar da ko wane ne ba yana iya yin watanni a firjin asibiti.

A farkon zafin wata shekara wakilin wani kamfani ya kawo mini takardar mutuwar ma'aikacinsu, a mayar da ita Turanci don a aika gida a rufe fayil. Sunan mamacin Lawali Umaru, lebura a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. An haɗo da kwafin iƙamarsa, wato katin izinin zama. Na daɗe ina duban hoton saboda tsagen Gobirawa da ke kumatunsa, irin wanda ba a cika gani ga 'yan baya ba. Na fassara, na buga hatimi, na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da aiki.

Wajen wata uku bayan haka, ran wata Lahadi, wadda ita ce farkon mako a nan, ana dab da azahar. Zafi ya kori kowa daga titi, ba a jin komai a ofishin sai gurnanin na'urar sanyi. Sai ƙofa ta buɗe.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin Malam mai Hausa?"

Na amsa, na ɗaga kai. Fuskar da ke cikin hoton ce, da tsagenta, sai dai ta rame.

Na ce, "Bawan Allah, yaya sunanka?"

Ya ce, "Lawali Umaru."

Ustaz Usman, wanda ke kurɓar shayi a teburinsa, ya dube ni ya ce da Larabci, "Lafiya, Malam? Kamar ka ga aljani." Na ce masa ba aljani ba ne, tsohon abokin hulɗarmu ne, sai dai an riga an binne shi. Ya ajiye kofin a hankali ya fara karanta Ayatul Kursiyyu.

Na miƙa wa baƙon hannu, kuma ba don gaisuwa kaɗai na miƙa ba. Hannun da ɗumi, da kanta irin ta mai ɗaukar kaya. Na ba shi kujera da ruwa.

Ga abin da ya faɗa mini. Yana da wani ɗan garinsu, Shu'aibu, tare aka yi musu kaciya, tsagensu ɗaya. Shu'aibu ya gudu daga kafil ɗinsa, saboda haka ba shi da takarda mai aiki, a ɗakin Lawali yake raɓewa. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, Lawali ya ba shi iƙamarsa da katin inshorarsa ya kai shi wani asibiti. Mai karɓar marasa lafiya ya dubi hoton, ya dubi kumatun Shu'aibu, ya ga tsage ya yi daidai da tsage, ya rubuta suna. Bayan 'yan kwanaki Shu'aibu ya cika.

Lawali ya ce, "Malam, na shiga inda suke ajiye su. Aka jawo shi kamar aljihun tebur, raɓa ta daskare a gemunsa. Wani ɗan Bangaladesh mai shara ya nuna mini aljihun kusa da nasa, ya ce wancan tun kafin azumi yake nan, ba a san mai shi ba. Na ce a raina, Shu'aibu ba zai kwana a ƙanƙara ina da rai ba. Kai ka san yadda aka tashe mu. Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar yana makwancinsa."

Sai ya daina zuwa aiki, ya buga wa yayansa waya a gida ya roƙe shi ya aiko da amincewar a binne ƙanensa Lawali a Riyad. Kamfanin na da ɗaruruwan leburori, wakilinsu bai san fuskar kowa ba, ya sa hannu. Aka sallaci gawar bayan la'asar tare da wasu gawarwaki, kamar yadda ake yi a manyan masallatan garin nan.

"Ina sahu na biyu," in ji shi. "Da ni aka ɗauki makara. Takardar da ke manne da likkafanin sunana ne a jiki."

Bai yi tunanin abin da zai biyo baya ba. A ƙasar nan komai na mutum a ɗaure yake da lambar iƙamarsa. Layin wayarsa ne ya fara mutuwa. Daga nan katin banki. Ya je ƙofar siton da yake aiki ya ɗora yatsa a na'urar tantance ma'aikata, na'urar ta yi shiru. Ba ya iya kama ɗaki, ba ya iya zuwa asibiti, ba ya iya sayen tikitin komawa gida, domin gawa ba ta shiga layin fasinjoji. Yana kwana ɗakunan abokai, su ma sun fara tsarguwa da shi.

"Wallahi, Malam, jiya wani ya kira Lawali a bayana, ban waiwaya ba. Sai da na yi nisa na tuna ni ne."

Abin da yake so shi ne in raka shi wurin hukuma a mayar da shi cikin masu rai. Ya riga ya shirya abin da zai faɗa: katinsa ɓata ya yi, shi kuma yana can jeji wurin raƙuma inda babu waya, yayansa ya ɗauka da gaske ya mutu, bai san wanda aka binne ba.

Na ce, "Lawali, ka ji ƙa'idar aikina. Abin da ya fito daga bakinka shi zai fito daga nawa, ba ragi ba ƙari. In ka faɗi gaskiya zan faɗe ta. In ka faɗi wancan, shi zan faɗa, nauyinsa a wuyanka. Amma in ka tambaye ni a matsayin ɗan'uwa, ƙarya ba ta daɗewa a gaban mutanen nan."

Ya ce, "Gaskiyar nan fa gidan yari ce, Malam, da kora."

Na ce, "Na sani."

Washegari da safe muka je ofishin 'yan sanda. Aka kai mu gaban wani naƙib, wato daidai da kyaftin, mutum mai sanyin magana. Ya sa Lawali ya ɗora yatsa a na'ura. Hotonsa ya fito a allo, a ƙarƙashinsa kalma ɗaya da jan rubutu: mutawaffa, marigayi. Naƙib ya sa aka goge gilashin aka sake. Kalmar ta dawo. Na lura ya janye kofin gahawarsa daga kusa da hannun Lawali, ba na jin ya san ya yi hakan.

Ku da kuke sababbi kun san tafinta ba ya cewa "ya ce". Da bakin mai magana yake magana. Saboda haka da naƙib ya tambaya wane ne wannan, Lawali ya amsa, sai na ji muryata, wadda ta karanta sanarwar rasuwar mutane da yawa, tana cewa da Larabci, "Ni ne marigayin." Magatakardan da ke gefe ya daina buga na'urarsa. Ban taɓa jin sanyin ofis ya shiga ƙashina kamar na lokacin ba.

Naƙib ya ce, "To wane ne a cikin kabarin?"

Lawali ya dubi ƙasa ya ce katinsa ɓata ya yi, bai sani ba. Na faɗa kamar yadda ya faɗa: "Katina ɓata ya yi, ban sani ba."

Naƙib bai ɗaga murya ba. Ya rufe fayil ɗin ya ce, idan haka ne akwai wanda ba a san shi ba kwance a maƙabartar Musulmi da sunan wani, kuma dole a san shi. Za a nemi izinin alƙali a buɗe kabarin, a fito da abin da ya rage a kai asibiti a gwada, a ajiye har sai an gano mai shi.

Na mayar da shi Hausa kalma bayan kalma. Ban sassauta ba, domin ba ni da ikon sassautawa.

Lawali ya ɗago kai. "Tono shi za su yi?"

Na mayar wa naƙib tambayar. Ya ce, "Na'am."

"Su mai da shi firjin?"

"Na'am."

Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur.

"Malam, gaya masa. Sunansa Shu'aibu Mamman. Ni na ba shi katin da hannuna, ni na kai shi asibiti, ni na sa shi a rami. A yi mini abin da za a yi, amma kada a taɓa shi."

Na faɗa, da bakinsa. Naƙib ya ce wa magatakarda ya rubuta.

Ba a buɗe kabarin ba. An nemo tsohon fayil ɗin Shu'aibu na shigowa ƙasa, aka haɗa da bayanan asibiti da shaidar mutum biyu 'yan garinsu. Amma an buƙaci Lawali ya nuna kabarin, aka tafi da ni. Maƙabartun nan ba a rubuta suna, fili ne shimfiɗe da ƙananan duwatsu iri ɗaya har iyakar gani. Ya yi ta zagaye cikin rana bai gane wurin ba. Daga ƙarshe ma'aikacin maƙabartar ya tambayi sunan da aka binne mutumin da shi, ya duba na'urarsa, ya kai mu gaban wani dutse ya ce, "Ga Lawali Umaru." Lawali ya durƙusa ya yi addu'a. Ban tambaye shi wa yake yi wa ba.

An tsare shi na wani lokaci, aka yanke masa hukuncin kora ba dawowa. Ni kuma aka kawo mini takardar mutuwa ta biyu in fassara: asibiti ɗaya, ciwo ɗaya, rana ɗaya, sunan ne kawai ya sauya. Ita aka aika wa iyalin Shu'aibu.

Kafin a sa shi a jirgi na je wurin da ake tsare da shi don ya sa hannu a takardar da ta soke mutuwarsa. An manna tsohuwar a bayanta, da hatimina a jiki da jan layi a kanta. Ya ce in karanta masa ita da Hausa, tunda bai taɓa jin abin da ke ciki ba. Na karanta: sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu, addininsa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi ɗan murmushi.

"Ai ba ta yi ƙarya da yawa ba, Malam. Kwanan watan ne kawai bai yi ba tukuna."

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, mutanenmu za su ba da aron kati, da suna, har da rayuwarsu ta takarda, don ɗan'uwa ya samu sutura a kan lokaci, kuma ba sa ganin sun yi wani abin mamaki. Hukuma kuwa lamba take gani. Mu muke tsaye a tsakani, kuma amfaninmu ɗaya ne, kowane ɓangare ya ji ainihin abin da ɗayan ya faɗa. Da na tausasa maganar tonon kabarin nan don in rage masa zafi, da ya tsaya a kan ƙaryarsa, da an tono Shu'aibu. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a gabana nakan bayyana masa cewa a ƙasar nan iƙama ba riga ba ce da ake ara. Duk takardar mutuwar da aka kawo mini kuma, kafin in ɗauki hatimi, sai na tambayi wanda ya kawo ta ko ya ga fuskar mamacin da idonsa.