Hawa Uku na Soso

Cikin shekarun da na yi ina yin gato, wato kek, a gidana na Yelwa, nan Garwa, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ta bikin 'yar Hajja Ramatu. Ku da kuke koyo a wurina kun sha tambayata me ya sa nake tsare mai oda da tambayoyi kamar jandarma kafin in kunna tanda. To, ga dalilin.

Lokacin ne rikicin kan iyaka ya toshe hanyar Najeriya. Hajja Ramatu 'yar kasuwar atamfa ce, kakanninta daga Kano suka zo kamar nawa. Mijinta ya rasu, hanya ta rufe, shagon da a da ba a ganin bangonsa saboda kaya ya koma rabinsa fanko. 'Yarta Fadimatu, ma'aikaciyar jinya, za ta auri wani saurayi ɗan manyan 'yan kasuwar Kuseri. Su biyun suka ga juna suka daidaita, iyaye suka sa albarka.

Saura mako biyu Hajja ta zo, ta nuna mini hoto a waya: farin gato mai hawa biyar, da furanni ruwan zinariya suna gangarowa ta gefe.

"Balki, irin wannan nake so," in ji ta. "Kada mutanen Kuseri su ce gidan Alhaji ya bi shi kabari."

Na lissafa mata abin da hawa biyar ke ci na ƙwai da bota da fulawa da sukari. Sai ta shiga juya zoben hannunta. Na gane. Na ce, "Hajja, akwai wata hanya."

Ga wanda bai san aikin ba, bari in yi bayani. Fondan kwaɓin garin sukari ne da ake murzawa ya yi faɗi, a lulluɓe gato da shi kamar an yafa masa zane. Idan aka lulluɓe, ba mai sanin abin da ke ciki. Saboda haka akan yanka farin soso mai tauri, irin wanda ake kare talabijin da shi a cikin kwali, a yi masa siffar gato, a lulluɓe shi, a jera shi tare da na gaske. Ba cuta ba ce muddin mai oda ta sani. Na ce mata hawan ƙasa, babban, zai zama na gaske, ƙaramin na sama ma haka, uku na tsakiya kuwa soso. Na ƙara mata da gaskiyar sana'a: a zafin Afrilu na Garwa, hawa biyar na gaske kan iya zubewa kafin a gama gaisuwa.

Ta saki ajiyar zuciya. "Amma ya tsaya tsakaninmu."

"Tsakaninmu, Hajja."

Na rubuta a takardar oda: hawa biyar, biyu na gaske, uku na soso. Ta sa hannu, na ninke na sa a jaka.

Kwana uku na yi a kan aikin. Fondan ba ya shiri da zafi, ba ya kuma shiri da firji, don idan ya fito sai ya yi gumi ya narke. Da an idar da sallar asuba nake fara murji, tagogi a rufe, ina tsoma hannuna a ruwan sanyi ina gogewa. Kafin rana ta ɗaga na tsaya. Furanni kuwa ɗaya-ɗaya na yi su, na shanya a kwandon ƙwai don su riƙe lanƙwasarsu. A cikin hawan ƙasa na kafa sanduna huɗu, na ɗora faifan kwali, don kada nauyi ya danne shi. Ba yabon kai ba, har yau ban yi gato da ya fi wannan kyau ba.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi liyafar, a wani zauren taro kusa da kogi. Daban-daban na kai hawan, can na harhaɗa. Na ja mai gabatar da taron gefe na ce masa ango da amarya su yanka hawan ƙasa, daidai inda babban fure yake. Haka kuwa aka yi. Suka yanka, mata suka rangaɗa guɗa, na hango Hajja Ramatu tana share ido da gefen mayafi. Sai na juya na shiga baya ɗauko faranti.

Nan ne kuskurena. Na bar gato da wuƙa a kan teburi ba kowa a tsaye.

Ina fitowa na ji wata murya tana cika zauren. Goggo Zara ce, yayar uban ango, mace mai jiki da tarin zobba, wadda aka ce ko maza a kasuwar Kuseri ba sa ja da ita. Tana cewa akwai tsofaffin gida da hanya ta hana su zuwa, saboda haka hawa na uku nasu ne, ita za ta tafi musu da shi. Kafin in ajiye farantan ta ɗauki wuƙa ta luma.

Wuƙar ta yi ƙara, ƙiii, irin wadda ke sa haƙori tsami. Ta zare ta, sai ga fararen ɓurɓushi suna tashi a iskar fanka. Mai kiɗa ya kashe na'urarsa.

Goggo ta ƙwanƙwasa hawa na biyu da yatsa, ta ƙwanƙwasa na huɗu. Ta juya wajen uwar amarya.

"Hajja Ramatu, an cuce ki! Kin sa a yi miki gato an kawo miki katifa. Ina mai aikin?"

Na dubi Hajja. Goggo ta ba ta mafita ba tare da ta sani ba: ta yi shiru kawai, laifi ya zama nawa. Ta kuwa yi shirun, idonta a ƙasa. Takardar da ta sa wa hannu tana cikin jakata, a rataye a kafaɗata. Da na fito da ita, sunana ya wanku nan take, amma duk zauren zai san abin da ya sa uwar amarya ta zaɓi soso. Ga Fadimatu a zaune, gobe za ta shiga cikin waɗannan mutane.

Na ajiye faranti, na je gaban teburin, na rusuna na gaida Goggo.

"Goggo, ni ce mai aikin, Balki sunana. Hajja hawa biyar ta nema. Ni na ba da shawarar a sa soso a tsakiya, kuma ko gobe haka zan ce. Ki taɓa bangon nan ki ji zafinsa. Da duka biyar na gaske ne, da yanzu suna kan zanin amarya."

Ba ƙarya a cikin abin da na faɗa. Ban dai faɗi duka ba.

Ta kalle ni sama da ƙasa. "To, baƙin nan me za su ci? Hoto?"

"Kowa zai ci, Goggo. A ba ni wuƙar."

Na sauke hawan sama huɗu, na zare sandunan. Ku lura da wannan, don zai yi muku amfani. Babban gato ba a yanka shi daga tsakiya zuwa baki kamar kankana, haka ake ƙarar da shi a kan mutum talatin. Layi-layi ake yi, a miƙe, faɗin yatsu biyu, sannan a datsa kowane layi. Ina yanka ina goge wuƙa a ruwan zafi, matan gidan amarya suna kai faranti. Har direbobin da suka kawo baƙi sun samu.

Saura ƙaramin na sama, wanda aka tanada wa ango da amarya. Fadimatu ta miƙe ta ce, "Madam Balki, a naɗe wa Goggo wannan, ta kai wa su Kaka." Na sa shi a kwali na ɗaure. Goggo ta karɓa, ta jijjiga shi a hannu ta ji nauyinsa, mutane suka yi dariya, kiɗa ya dawo.

Abin bai wuce haka kawai ba. Cikin makon na ji ana ce mini mai gaton katifa a kasuwa. Wata madam da ta ba ni aikin sunan jikarta ta aiko cewa ta fasa. Mijina ya ce in ɗauki takardar in nuna wa duk mai magana. Na ce a'a, na riga na yanke.

Kwana tara bayan biki Hajja Ramatu ta yi sallama a gidana. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma. Sannan ta dube ni.

"Me ya hana ki fito da takardar?"

"Kin ce ya tsaya tsakaninmu, Hajja."

Ta rufe fuska da mayafi. Da ta natsu ta ce mini ta kasa barci da cin abinci, har ta kira Goggo Zara a waya ta faɗa mata komai, tun daga shago har zuwa zoben da ta yi niyyar sayarwa. Na tambaye ta me Goggo ta ce.

"Dariya ta yi. Ta ce su ma motocinsu biyu suna tsaye tun da hanya ta lalace, kuma rabin zobban da na gani a hannunta na aro ne." Hajja ta goge ido. "Ta ce in ba ta lambarki. Ƙaramar 'yarta za ta yi aure a Marwa bayan salla. Hawa bakwai take so."

"Na gaske nawa?"

"Biyu."

Na je Marwa na yi mata. Hajja kuwa da kanta ta bi matan kasuwa tana gyara maganar, har sunan katifa ya mutu.

Tun daga nan, kafin in fasa ƙwai ɗaya sai na san wa zai riƙe wuƙa, su wane ne surukai, wace ce babbar da ba a ce mata a'a, kuma ko akwai wanda za a aika wa rabonsa. Ba na barin gefen teburi sai an raba yanka na ƙarshe. Murza fondan cikin wata biyu za ku iya. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne ki gane cewa matar da ta shigo da hoto a waya, sau da yawa ba sukari ta zo saye ba, ta zo ne ki taimake ta ta tsaya a gaban mutane kanta a ɗage. In ta ba ki amanar abin da ke ƙarƙashin lulluɓin, ki riƙe shi, ko da ke ce za ki sha kunyar ranar.