Sabulun Gecheme za shi Turai

An raina ɗiyata, kuma ban yafe ba. Wai ta je Faransa karatu, ta ƙare a binciken sabulun toka. Masu faɗin haka da shi aka wanke su ranar suna.

Ita ta kira ni, tana son sabulun mata uku na Gecheme, kowanne daban. Kwana biyu kacal aka ba ta a kan wata na'ura mai harba ƙwayoyin da ido ba ya gani, nutron, su ratsa abu mai laushi ba su ɓata shi ba. Mai kai mata saƙon zai tashi daga Yamai ranar Asabar.

Mun bar Dogon Dutsi da asubar Alhamis, ni da ƙanwata. A Kore Mairuwa muka yi sallama da kwalta, muka sha fura ta dala ashirin, ruwa ya fi nonon yawa. Daga nan sai rami da akuya a kan ƙafata har Gecheme. Gero ya yi kyau bana, an fara ɗaure dammuna.

Matan sun tarbe mu da tuwo miyar kuka, sannan suka kawo sabulun. Curi ɗaya, ƙato, sai ƙamshi. Sun cuɗe na ukun wuri guda, har da turare, don ba a aika wa baƙo da gutsattsari.

Na yi faɗa. Babbarsu, wata tsohuwa, ta bar ni na gama, ta ce, "Ɗiyata, ke kin ka ce na Turai ne. Mi za a yi da shi, ba ki hwaɗi ba."

Gaskiyarta. Na ɗauka ba za su gane ba, ni da na koyi karatun baƙi ina da jika. Sai na ɗebi gero na watsa wa zana, na ce su dubi yadda ya zuba a bayanta, daga nan ake sanin saƙar. Haka na'urar za ta yi wa sabulun kowacce.

"Ashe saƙar cikinai taka son gani," in ji tsohuwar. "Ku ɗauko tukwane."

Kowacce ta kankaro na gindin tukunyarta, cokali bibbiyu.

Mun dawo Juma'a, baya na ciwo. Rainin da nake zargin mutane da shi, ni ma na kai shi Gecheme. Da safe na rubuta sunan kowace mace a kan kwalbarta da hannuna, na kai tashar Yamai.