Tsuntsun da Kawu Basilio Ya Kifa

Kawuna Basilio Dzul magini ne, kuma rabin katangun ƙauyenmu shi ya ɗora su. Amma in ka zauna da shi ba zai yi maka zancen ko ɗaya ba. Labarinsa guda ne tak. Yana ɗan shekara ashirin aka ɗebe su aikin tayar da wani tsohon birnin kakanninmu Maya da daji ya cinye, tafiyar awa biyu daga nan. Masana suna sa wa duwatsun da suka zube lamba, magina suna mayar da kowanne mazauninsa. Wata rana, wai, yunwa ta ci ƙarfinsa, ga ƙamshin wake yana tasowa, sai ya ɗora wani dutse mai sassaƙen tsuntsu a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Kafin ya farga kwaɓin ya bushe, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Shekara arba'in da biyar yana ba da labarin nan babu wanda ya gaskata, matarsa Inna Teodora ce ma kan gaba.

"Ku ƙyale shi," in ji ta. "Ruwa kawai ya ɗebo musu, amma a bakinsa har ya gina wa kakanni gida."

Mu yi ta dariya, shi ma ya taya mu, amma na san abin yana ci masa rai. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani, mutum sai ya matso ya yi magana yake gane shi.

Da muka gama girbin masara na ce Lahadi za mu je tsohon birnin, tunda ran nan ba a karɓar kuɗin shiga daga 'yan ƙasa. Mu goma sha bakwai muka cika bayan motata a-kori-kura, da tukunyar talotalo da ƙullin wainar masara. Inna ta sa farar rigarta mai furanni ta kame a gaba.

"Zuwa zan yi in ga yadda ƙarya take ƙarewa," ta ce.

"Ki dai tanadi bakin ba da haƙuri," in ji Kawu.

Muna shiga ya ƙi a riƙe masa hannu. Ya wuce dogon ginin da kowa yake rububin ɗaukar hoto, ya kewaya bayan wani ƙarami, ya tsaya cak.

"Bangon arewa, jeri na uku daga sama, dutse na bakwai daga kusurwa. Teodora, ƙirga."

Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Tsuntsaye goma sha biyu a jere, na bakwai ya yi adungure.

Ba mu gama mamaki ba sai ga wani mai zagayawa da baƙi ya iso da Turawansa, riƙe da laima. Ya nuna dutsen da muryar mai wa'azi, ya ce magabata da gangan suka kifa shi, alama ce ta rana tana nutsewa lahira, hikimar da har yau ba a gama gano zurfinta ba. Turawa suka yi ta gyaɗa kai. Na dubi Kawu na ga kafaɗunsa sun sauka. Zuciyata ta yi mini zafi, don ga shi an zo har gaban dutsen za a ƙwace masa shi.

Inna Teodora ta gyara mayafi ta tako gaba.

"Ɗana, wannan magabacin da kake faɗa, ga shi nan tsaye da hular kaba. Mijina ne. Kuma ba lahira yake tunani ba, wake yake tunani."

Mu kuwa dariya har da masu zama a ƙasa. Aka fassara wa Turawa, suka bi layi suna ɗaukar hoto da Kawu, shi kuma yana ta gyara wuyan riga.

Da rana ta take muka gangara senote, wato ruwan nan mai sanyi da ke cikin kogon ƙasa. Inna ta ajiye wa iskokin da ke tsaron wurin ƙoƙon kunun masara a bakin matakala ta nemi izini, sannan kowa ya faɗa. Muka yi iyo har yatsunmu suka yamushe, muka cinye talotalo ko ƙashi ba mu bari ba. Ni dai ban taɓa ganin mutanen ƙauyenmu cikin farin ciki irin na ran nan ba.

Na fito shan iska sai na tarar da Kawu da Inna zaune a kan dutse, ƙafafunsu cikin ruwa. Ba su ji zuwana ba.

"Teodora," in ji Kawu a hankali, "ni fa ban gan shi ba. Fari kawai nake gani. Yaya yake?"



"Mummuna ne," ta ce. "Baki a ƙasa, ƙafafu a sama, kwaɓin ma ya yi yawa ta gefen hagu. Ko a ina na gan shi zan san aikinka ne, Basilio."

Ya kamo hannunta ya riƙe, ni kuma na koma cikin ruwa.