Aron Ƙasa

Ranar kasuwar Bodinga da ta wuce ina cikin bas zan koma gida, sai aka tsayar da mu gefen hanya don wata doguwar tirela ta wuce. Katafila ce a bayanta, an ɗaure ta da sarƙoƙi kamar sa mai faɗa. Warin man gas ya shigo ta taga. Yaran cikin motar suna leƙe suna murna, ni kuwa na ja mayafi na rufe hanci. Ba warin ne ya dame ni ba. Gonar babana na tuna.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bodinga da Shagari, an ɗan shiga ciki. Gonar tana gabas da gari, kan tudu, gadon kakanni ce. Duk shekara in an cire amfani, baba yakan bar Fulani su sauka da shanunsu a ciki har rani ya yi nisa, saboda taki. Shi ya sa ƙasarta ta yi baƙi, ta yi laushi, in ka damƙa sai ta kama hannu. Geronta ke cika rumbu biyu, waken da ake ratsawa a ciki shi ke yi mana tufafin salla. Ba mu san cewa a ƙarƙashin baƙar ƙasar nan akwai jar tsakuwa irin wadda masu yin hanya ke nema ba.

Ina da kamar shekara tara aka ce za a yi mana hanya. Bayan kaka sai ga mutanen kamfani a ƙofar mai gari, aka aiko kiran baba. Na bi shi, na laɓe bayan zana. Tafintansu, wani mutumin gabas mai sanyin murya, ya ce, "Baba, aron ƙasa za mu yi a gonarka."

"Aro dai?" in ji baba.

"Aro. Haka sunansa yake a takarda."

Ku da kuka tashi a birni sai na ɗan yi muku bayani. A wurinmu aron gona tsohon abu ne. Baƙo ya sauka garinku ba shi da wurin noma, ka yanka masa gefe, ya yi shekara ɗaya ko biyu, in ya samu nasa ya maido maka. Ba a hana aro, ba a kuma karɓar komi a kansa. Ranar da ka karɓa, ya tashi daga aro ya koma jingina ko saye, kuma sayar da gonar gado abin kunya ne da ke bin mutum har jikoki.

Baba ya ce, "In aro na, ba a hana baƙo. Yaushe za ku maido?"

"In aiki ya ƙare za mu tashi. Wurinka yana nan."

Suka miƙo masa ambulan. Ya janye hannu kamar garwashi aka miƙo. "Ni ban sai da gonar ubana ba. Aro kunka ce." Ya dangwala yatsa a takarda, mai gari ya dubi jama'a ya ce, "Kun ga dattijo."

Kakata, uwar baba, ita kaɗai ba ta yaba ba. Ranar da aka sauke injinan ta dogara sandarta har bakin gona, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Mai aron gona da kalmen noma shika zuwa. Wanga aro mai haƙoran ƙarfe ni ban san shi ba." Baba ya ce, "Inna, zamani na."

Ba zan ɓoye ba, mu yara mun ji daɗin kallo. Katafila ce ta fara shiga, tana tafiya kan sarƙa, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafafunmu. Cikin yini biyu ta kankare baƙar ƙasar da shanu suka yi shekaru suna gyarawa, ta tara ta tsibi guda a gefe. Baba ya nuna mini tsibin ya ce, "Kin gani? Aje ta sunka yi. In sun gama sai su shimhiɗa ta." Daga nan mai dogon wuya ta shigo, wadda muke kira raƙumi, tana sunkuyawa ta cika cokalinta da jar tsakuwa ta juye a tifa. Tifa ta tafi, wata ta zo. Kullum da hantsi ni ke kai wa direbobin ƙwaryar fura, don baba ya ce baƙinmu ne. Suna sha, suna sa albarka.

Wata rana na bi ƙurar tifa don in ga inda ake kai ƙasar. Na iske ana zubar da ita a kan hanya, gireda na baje ta da doguwar wuƙarta, tanka na bi tana yayyafa ruwa, rola kuma na hawa tana dannewa, ta je ta dawo, har wurin ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ko a ƙuruciyata na san abin da aka daɓe haka ba ya komawa ƙwarya. Na faɗa wa baba. Ya ce, "Yaro bai shiga maganar manya."

Kafin ruwan farko suka tashi. Ba sallama. Muka iske tsohuwar taya, da tabon baƙin mai, da rami wanda in mutum ya hau kafaɗar wani ba zai taɓa bakinsa ba. Ruwan farko ya wanke tsibin baƙar ƙasar ya zuba a ciki. Baba ya tafi wurin mai gari da takardarsa. Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni ma aron da nis sani shi nij ji."

A daminar nan baba, mai rumbu biyu, ya je wurin dangin uwarsa wajen Dingyadi ya ari gona. Aro na gaske. Duk shekara bayan kaka sai ya je ya ce ga gonarku na gode, su ce ya ƙara. Da ƙafa yake zuwa, a kan sabuwar hanya, yana taka ƙasarsa. Yayyena maza biyu suka tafi cin rani, ba abin da zai dawo da su, ba su dawo ba.

Bai taɓa zagin kowa ba, bai kuma daina jira ba. Da ciwon ajali ya kama shi, liman ya tambaye shi ko akwai kayansa a hannun wani. Ya ce, "Gonata tana aro ga mutanen hanya. In sun maido, a raba ma yara." Ranar rabon gado dattawa suka je suka tsaya bakin ruwan da ya cika ramin, kwaɗi na kuka, suka juyo.

Takardar na hannuna. Saboda ita na shiga yaƙi da jahilci bayan haihuwata ta uku, sai da na iya haɗa baƙi na tarar cewa da Turanci aka rubuta ta. 'Yata ce ta karanta mini da ta kai sakandare. Ta ce a bakin masu yin hanya, duk ramin da aka ɗebi ƙasa a ciki ramin aro ne sunansa, ko ba za a maido ko cikin cokali ba. Ashe tafinta bai yi ƙarya ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, don da ƙarya aka yi mana da na san wanda zan bar wa Allah.

Yanzu motoci na kai albasa kasuwa cikin sauƙi, mai naƙuda na isa asibiti, ban ce hanya ba ta yi amfani ba. Amma na zama irin matar da in maƙwabciya ta aiko aron rariya, sai na tambaya da wace rana za a maido, kuma a wane hali. Na san suna cewa na cika ƙwauro. Ina jin su.